Gayyar Masu Fasahar Kwamfuta: Jagora Ga Mai Shiga Karo Na Farko

An shirya wannan ɗan littafi domin samari da 'yan mata na wannan yanki namu waɗanda suka fara koyon aikin kwamfuta, da kuma iyayensu da malamansu. Dalilin shirya shi kuwa shi ne, sau da yawa a kan yi shelar wani irin taro wanda Turawa su ke kira hakaton, ko a jami'a ko a wata cibiyar fasaha, sai yaro ya karanta sanarwa, ya yi sha'awa, amma ya ja da baya. Wani ya ce iliminsa bai kai ba. Wani tsoro ya ke ji kada a yi masa dariya. Wani kuwa mahaifinsa ne ya hana shi, domin ya ji an ce taron masu kutse ne. Da haka ilimin da aka sha wahala aka samu ya ke kwana cikin ɗaki, bai amfani mai shi ba, bai amfani jama'a ba.

Duk inda muka ce "kai" a cikin wannan darasi, to, har da "ke" mu ke nufi.

Mene Ne Hakaton?

Kowane Bahaushe ya san gayya. Mutum ya kan ga aikin gona ya fi ƙarfinsa, sai ya gayyaci maƙwabta, su taru da sassafe kowa da fartanyarsa, a yi abinci, kafin rana ta faɗi an gama abin da mutum ɗaya zai yi mako yana yi. To, hakaton gayya ce ta masu aikin kwamfuta. A kan tara mutane wuri ɗaya, ko kuwa su haɗu ta intanet, a ba su wata matsala, a raba su ƙungiya ƙungiya, a yanka musu lokaci, galibi sa'a 24 ko 36 ko 48. Cikin wannan lokaci kowace ƙungiya za ta ƙago wata manhaja ko wata 'yar na'ura da za ta warware matsalar. In lokaci ya cika sai kowa ya ajiye aiki, a fito gaban alƙalai a nuna abin da aka yi.

Sunan an haɗa shi ne daga kalmomi biyu na Turanci. Ta farko, watau hak, a bakin masu wannan sana'a ma'anarta ita ce yi wa matsala dabara cikin hanzari. Ta biyu, watau maraton, sunan tseren nan ne na dogon zango wanda tsawonsa kilomita 42 ne da mita 195. Ma'anar sunan ke nan, dabara wadda a ke yi ba hutawa, kamar mai dogon gudu. Gaskiya ne kalmar hak ta yi baƙin jini domin da ita a ke kiran ɓarayin da ke fasa kwamfutar mutane. Amma wuƙar da mahauci ya ke fawa da ita, ita ce ɗan fashi ya ke riƙewa, ba a kuwa taɓa kiran mahauci ɗan fashi ba.

Asalinsa

An fara jin wannan suna a shekarar 1999. A ranar 4 ga watan Yuni na wannan shekara mutum goma masu aikin wata manhaja da a ke kira OpenBSD suka taru a birnin Calgary na ƙasar Kanada, suka yi aiki tare a kan dabarun ɓoye saƙo. Sun zaɓi Kanada ne domin a lokacin dokar Amurka ta tsananta game da fitar da irin wannan fasaha daga ƙasar. Bayan 'yan kwanaki, cikin watan nan dai, kamfanin Sun Microsystems ya yi amfani da sunan a wani babban taronsa, inda aka ƙalubalanci mahalarta su rubuta manhaja domin wata 'yar kwamfutar aljihu mai suna Palm V.

Daga nan al'adar ta bazu. Kamfanoni suka ɗauka, ɗaliban jami'a suka ɗauka, har gwamnatoci. A cikin watan Maris na 2020, sa'ad da annobar korona ta kulle mutane a gidajensu, Gwamnatin Jamus ta goyi bayan wata gayya ta sa'a 48 wadda aka yi ta intanet, mutum wajen 28,000 suka shiga suna neman dabarun rage wahalar annobar.

Abin Da Gayya Ta Taɓa Haifarwa

Kada mai karatu ya ɗauka wasan yara ne. A shekarar 2010, a wata gayya da aka yi a birnin New York, samari biyu, Jared Hecht da Steve Martocci, suka ƙago wata manhaja ta aika saƙo ga jama'a da yawa gaba ɗaya, daga baya suka sa mata suna GroupMe. A 2011 kamfanin Skype ya saye ta a kan kuɗi wajen dala miliyan 80. Shi ma kamfanin Facebook ya bayyana a 2012 cewa waɗansu manyan sassan dandalinsa, kamar sashen hira da na bidiyo, daga gayyar ma'aikatansa suka fito.

Misalin da ya fi kusa da mu yana nan gida Nijeriya. A shekarar 2011 cibiyar fasaha ta Co-Creation Hub da ke Legas ta shirya gayya ta sa'a 48 a kan yadda fasaha za ta taimaki sha'anin mulki. Cikin waɗanda suka shiga akwai Oluseun Onigbinde, wanda a lokacin ma'aikacin banki ne. Abin da shi da abokin aikinsa suka kawo ba wani abu ba ne mai wuyar fahimta. Sun lura kasafin kuɗin Gwamnati littafi ne mai kauri, cike da lambobi, talaka ba ya iya karanta shi. Suka ce bari a mai da shi zane da jadawali mai sauƙi wanda kowa zai duba ya gane inda kuɗinsa ya nufa. Daga nan ƙungiyar BudgIT ta samo asali. A 2014 kuma ta kafa wani shiri mai suna Tracka, domin jama'a su bi sawun ayyukan da aka rubuta cikin kasafi, su ga ko an haƙa rijiyar, ko an gina ajin.

A lura da abu ɗaya a nan. Matsala ɗaya suka kama, ƙarama, wadda su da kansu sun san zafinta. Wannan shi ne gishirin darasinmu duka.

Wajibi ne kuma mu faɗi gaskiya. Yawancin abin da a ke ƙagowa a gayya ba ya wuce ranar da aka nuna shi. Wanda ya je da niyyar ya dawo attajiri, da wuya bai dawo da ɓacin rai ba. Ribar da ta tabbata ga mai zuwa karo na farko uku ce: zai koyi aiki da mutane, zai koyi gama abu cikin ƙayyadadden lokaci, zai kuma san waɗanda suka fi shi sani.

Wata Gayya Da Kowa Ke Iya Shiga

Domin darasi ya zauna sosai, bari mu ɗauki gayya ɗaya mu duba yadda ta ke. Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, watau NASA, ta fara shirya tata a shekarar 2012, sunanta Space Apps Challenge. Da fari cikin watan Afrilu a ke yi, daga baya aka mai da ita watan Oktoba, ranar Asabar da Lahadi. Ba a biyan ko kwabo. A kan buɗe wuraren taro a garuruwa da yawa na duniya, wanda kuma babu wuri kusa da shi yana iya shiga ta intanet. A 2024 mutum fiye da 90,000 suka rubuta sunansu.

Masanan hukumar ne ke rubuta matsalolin, kowace ƙungiya ta zaɓi ɗaya. Ƙungiya ba ta wuce mutum shida. Kayan aikin kuwa su ne hotuna da ƙididdiga waɗanda taurarin ɗan Adam su ke aikowa, hukumar ta sake su kyauta ga kowa. Akwai taurarin Landsat waɗanda tun 1972 su ke ɗaukar hoton doron ƙasa, a cikin hotunansu mutum na iya ganin yadda ruwan Tafkin Chadi ya ke ja da baya ko ya ƙaru daga shekara zuwa shekara. Akwai kuma tauraron auna ruwan sama wanda Amurka da Japan suka harba tare a 2014. Cikin matsalolin da aka bayar a 2024 har da yadda za a taimaki manoma da irin waɗannan bayanai. Ashe ɗan manomi wanda ya san abin da jinkirin damina ke jawowa yana da ilimin da wani gwanin kwamfuta na birni ba shi da shi.

Shiri Kafin Ranar

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ga abubuwan da ya kamata ka yi tun da sauran mako biyu ko uku.

1. Karanta ƙa'idodin gayyar daga farko har ƙarshe. Ka san yawan mutanen ƙungiya, da lokacin rufe karɓar aiki, da abin da alƙalai za su duba. In shekarunka ba su kai 18 ba, galibi sai da yardar iyaye.

2. Ka san abin da za ka kai. Ƙungiya tana bukatar mai rubuta manhaja, da mai tsara fuskar manhajar yadda za ta yi daɗin amfani, da wanda ya san matsalar ciki da bai, da mai iya tsayawa gaban jama'a ya yi bayani. Ɗalibin aikin jinya, ko na aikin gona, ko malamin makaranta, duk suna da gurbi. Ko a gayyar gona ma ba kowa ke riƙe fartanya ba, akwai mai kai ruwa, akwai makaɗi.

3. In kai mai rubuta manhaja ne, ka tsaya ga harshen kwamfuta wanda ka riga ka sani, ko Python ne ko JavaScript. Ranar gayya ba ranar fara koyon sabon harshe ba ce.

4. Koyi amfani da Git. Wannan wata manhaja ce wadda Linus Torvalds, mutumin ƙasar Finland, ya ƙago a 2005. Aikinta shi ne ta riƙe tarihin kowane canji da aka yi wa aiki, ta kuma haɗa abin da mutane da yawa suka rubuta ba tare da wani ya shafe na wani ba. In aiki ya lalace da tsakar dare, da ita za a koma inda ya ke da lafiya. Ka buɗe ma'ajiya a GitHub, ka gwada da abokinka sau biyu ko uku.

5. Sauko da duk manhajojin da za ka bukata tun kana gida. In mutum ɗari suka hau intanet ɗaya, tafiyarta ta kan zama ta hawainiya.

6. Haɗa kayanka: kwamfuta da cajarta, da doguwar wayar jona lantarki mai baki da yawa, da batirin ajiya, da data a wayarka domin ko ta-kwana, da littafi da alƙalami, da darduma, da rigar sanyi, da maganinka in kana shan wani.

Wanda ba shi da kwamfuta kada ya fid da rai. Ya tambayi masu shiri ko suna ba da aro, ko ya shiga ƙungiyar da aikinsa zai zama bincike da tsara bayani.

Yadda A Ke Cin Sa'a 48

Mu ƙaddara ƙungiya biyu sun zaɓi matsalar manoma. Ta farko ta zauna ta ce za ta yi manhaja mai faɗin yanayi, da farashin taki, da cutar shuka, da kasuwar hatsi, da rancen banki. Ta biyu ta ce ita shafi ɗaya za ta yi, da Hausa, wanda zai nuna wa manomin ƙaramar hukuma ɗaya yawan ruwan da ya sauka cikin kwana 30 da suka wuce, a gwada shi da na bara, kuma ya buɗu a ƙaramar waya. Ranar Lahadi da yamma ƙungiya ta farko za ta zo da ɗakuna biyar ba ko ɗaya mai rufi. Ta biyu za ta zo da ɗaki ɗaya wanda a ke iya kwana ciki. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Saboda haka ga shawarar yadda za a raba lokaci.

Sa'a uku ko huɗu na farko, kada kowa ya taɓa kwamfuta. Ku zauna da takarda ku amsa tambaya uku: wane ne zai yi amfani da abin nan, mece ce damuwarsa, me zai gani in ya buɗe? Ku rubuta amsar cikin jimla ɗaya, ku manna inda kowa zai gani. Sa'an nan a raba aiki, kowa ya san nasa.

Kafin sa'a 12 ta cika, ku tabbata kuna da abin da ke tafiya daga farko zuwa ƙarshe, kome muninsa. Ado daga baya ya ke zuwa. Bayan kowace sa'a uku ku dakata na minti biyar, kowa ya faɗi abin da ya gama da abin da ya tsare shi.

In abu ya gagare ka har rabin sa'a, ka yi tambaya. A yawancin gayya akwai ƙwararru da ke zagayawa musamman domin ba da shawara. Sabon shiga ya kan ɓata sa'a huɗu yana kokawa da kuskuren da gwani zai gano cikin minti biyu, ba don kome ba sai don kunya. Matambayi ba ya ɓata.

Ka yi salla a kan lokaci, ka ci abinci, ka sha ruwa, ka kuma yi barci ko na sa'a huɗu ne kowane dare. Waɗansu su kan ɗauki rashin barci jaruntaka. Amma kan da bai huta ba kurakurai ya ke haifarwa, abin da aka rubuta da ƙarfe uku na dare sau da yawa shi a ke kwancewa da hantsi.

In ya rage sa'a takwas, ku daina ƙara sabon abu. Ku gyara wanda ke akwai, ku gwada shi a wayar wani wanda ba ɗan ƙungiyarku ba, ku ga inda zai rikice. Ku miƙa aikinku da sauran sa'a guda, gama a minti na ƙarshe ne intanet ta kan yanke.

Gaban Alƙalai

Lokacin da a ke ba kowace ƙungiya kaɗan ne, sau da yawa minti uku zuwa biyar. Kada ku cinye shi da gaisuwa da godiya. Ku fara da mutumin da matsalar ta dama, ku nuna abin da kuka yi yana aiki, ku faɗi abin da ya rage. Ku ɗauki bidiyon manhajar tana aiki tun da wuri, domin in wuta ta ɗauke ko na'ura ta ƙi, kuna da abin nunawa. Ku maimaita bayanin sau uku da agogo a hannu.

In alƙali ya tambayi abin da ba ku yi ba, ku ce ba ku yi ba. Kada ku nuna zane ku ce manhaja ce mai aiki. Alƙalan nan sun ga irin wannan da yawa, kuma wanda aka kama da ƙarya sau ɗaya ya zubar da mutuncin ƙungiyarsa duka.

Gargaɗi

Na ɗaya, game da mallakar aiki. A waɗansu gayya abin da kuka ƙago naku ne. A waɗansu sharaɗi ne a sake shi kowa ya amfana. A waɗansu kuwa, musamman na kamfanoni, akwai sharaɗin da ke ba masu shiri iko a kansa. Kada ka sa hannu a takardar da ba ka karanta ba. Ku 'yan ƙungiya kuma ku yi magana tun farko a kan yadda za a raba kyauta in an samu, domin kuɗi ya sha raba abokai.

Na biyu, game da doka. Dokar laifuffukan intanet ta Nijeriya ta 2015 ta haramta shiga kwamfutar wani ba da izini ba. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 kuma ta tsare sunayen mutane da lambobinsu da sirrinsu. Kada ka kwashi bayanan marasa lafiya ko na ɗalibai ka kai gayya don gwaji. Ku ƙaga na ƙarya ku gwada da su.

Na uku, game da manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT, wadda ta fito a ƙarshen 2022, masu iya rubuta wa mutum manhaja. Waɗansu gayya sun yarda da su, waɗansu sun sa iyaka. Ka bi ƙa'ida, ka bayyana in ka yi amfani da su, kada kuma ka miƙa abin da kai kanka ba za ka iya bayaninsa ba.

Na huɗu, ka yi hattara da duk wanda ya nemi ka aika kuɗi ko lambar sirrin bankinka da sunan rajista ko karɓar kyauta. Ka tabbatar da masu shirin ta wurin makarantarka ko malaminka.

Kira Ga Iyaye

Iyaye suna da hakkin su san inda ɗansu zai kwana. Ku tambayi sunan masu shiri, da wurin taro, da lokacin tashi, da ko an ware wa mata masauki da wurin salla. Masu shiri na ƙwarai ba su jin haushin irin waɗannan tambayoyi. In hankalinku bai kwanta da kwana ba, akwai gayya ta yini ɗaya, akwai kuma wadda yarinya za ta shiga tana zaune a ɗakin mahaifiyarta. Abin da mu ke roƙo shi ne kada a hana don jita-jita kawai. A bincika tukuna, gani ya kori ji.

Bayan An Watse

Ko kun ci ko ba ku ci ba, kada ka tafi sai ka zagaya ka ga aikin sauran ƙungiyoyi, ka karɓi adireshin mutum biyu ko uku waɗanda ka ƙaru da su. In ka koma gida ka huta, sa'an nan ka rubuta abu uku da ka koya da abu ɗaya da za ka sake in ka koma. Ka bar aikinku a ma'ajiyar GitHub da ɗan bayani a kansa, domin ranar da za ka nemi aiki ko gurbin karatu, abin da hannunka ya yi ya fi dogon zance. In kuwa abin da kuka ƙago yana da amfani, ku kai wa mutanen da kuka yi dominsu, ku ji ta bakinsu.

Wanda ya je gayya karo na farko ya dawo da ƙaramin abu mai aiki, da abokai, da sanin inda iliminsa ya tsaya, to, bai yi asarar kwana biyunsa ba. Allah ya ba da sa'a, amin.

Tambayoyi Domin Bita

1. Daga waɗanne kalmomi aka haɗa sunan hakaton, mece ce kuma ma'anar kowace?
2. A wane gari, a wace shekara, aka yi taron masu aikin OpenBSD, me ya sa aka zaɓi wannan ƙasa?
3. Wace matsala ce ta haifar da BudgIT?
4. Faɗi irin mutane huɗu da ƙungiya ke bukata.
5. Me ya sa a ke daina ƙara sabon abu in lokaci ya kusa cika?
6. Dubi garinku ko ƙauyenku, ka zaɓi matsala ɗaya, ka rubuta cikin jimla ɗaya wanda ta dama da abin da za a iya yi masa cikin kwana biyu.